Tukunyar Daren Alhamis

A Sunderland rana kan gudu tun ƙarfe huɗu
kamar wadda mai bin bashi ya biyo.
Lokacin nake tashi daga gidan tsofaffi,
hannuna na ƙanshin sabulu da man zafi,
in karɓi makullin ɗakin ƙasa na majami'a,
in ɗora tukunya.

Shinkafa da wake ne, ba wani abin a zo a gani ba.
Na rage yaji tun ranar da Terry ya rantse
ya hango kakarsa da ta rasu.
Su goma sha tara ne yanzu.
Wasu daga ƙarƙashin gada, wasu daga tashar mota,
da wata yarinya, Shannon, da ba ta cire safar hannu
ko za ta ci abinci.
Ba na yi musu wa'azi.
Nakan ce, Yesu ne ya aiko ni, ga cokali.

Farko takarda ce ta zo, mai tambarin hukuma:
maƙwabta sun yi ƙorafi.
Hannu arba'in da ɗaya, na ƙirga,
na farko na Mista Pallister, gida mai lamba sha huɗu,
wanda na taɓa kankare wa ƙanƙara a bakin ƙofa.
Sai ƙwai a jikin taga.
Sai jan fenti a bango, wai in koma garinmu.
Na tsaya da bokiti ina gogewa, ina dariya ni kaɗai,
don ko a Kaltungo an taɓa ce mini haka
lokacin da na auri Habila.

Wannan duk ƙaiƙayi ne.
Sara ya zo ranar Lahadi, bayan an tashi sujada,
daga bakin Dattijo Filibus, da Hausarmu, a hankali:
Keziya, darduman nan da guminmu muka saya.
Mu baƙi ne a ƙasar nan, kada ki jawo mana ido.
Ashe da ɗan gari akan ci gari.
Na buɗe baki, ba abin da ya fito.
A motar haya na yi kukan,
fuskata a gilashi, kada direba ya gani.

Ya Ubangiji, ba zan ɓoye maka ba,
daren nan na haɗa musu addu'a mai zafi,
na jera sunaye kamar mai rabon gado.
Kai kuwa ka yi shiru,
irin shirun uwa da ta san yaro zai gaji.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ni ban roƙi dutse ba.
Wake kawai nake so a bar ni in dafa.

Ina da shekara hamsin da uku na koma aji,
na koyi zafin da doka ta yarda shinkafa ta kai.
Mai duba tsafta ta zo, ta tsoma ma'auni a tukunyata,
ta leƙa firji, ta rubuta, ta tafi.
Habila na lissafin kuɗin gas da jan biro,
ba ya cewa komai, sai ya ɗauki buhu ya kai mini mota.

Makon jiya na zuba kwano guda, na rufe,
na ajiye a kan katangar lamba sha huɗu.
Ba don ni waliyyiya ba ce. Ragowa ce.
Da safe na ce tsuntsayen teku sun yi biki.
Amma kwanon na nan a bakin ƙofarmu, a wanke,
kuma tsuntsu ba ya wanke kwano.

Shekaranjiya ya sake kai ƙara.
Zama na gaba ranar tara ga wata.
Yau Alhamis.
Na jiƙa wake tun asuba.